Yadda za ka riƙe ƙarfin gwiwa yayin neman sabon aiki

Ranar Litinin ta farko bayan ƙarewar kwantiragina na tashi kamar kullum, na yi wanka, na sa gogaggen kaftani, har na ɗauki makullin mashin kafin na tuna babu inda za ni. Duk da haka na fita, don kada yara su yi tambaya. Na zaga Gesse, na gangara Rafin Atiku, na biyo ta Badariya, na ƙare a bencin mai shayi har rana ta take. Kwana tara na yi ina wannan wasan kwaikwayo. Sai da na shafe wata 14 kafin na sake ganin albashi.

A watannin nan abu biyu suka fi yunwa gajiyar da ni. Na farko yini marar kai marar gindi. Na biyu tambayar nan da kowa ke jefo maka da kyakkyawar niyya: "To, ya ake ciki, an dace kuwa?" Tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025, ma'aikatan ƙungiyoyi da dama a nan Kebbi da Sakkwato sun faɗa irin halin da na taɓa shiga. Ga kuma ƙannenmu da ke fitowa daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta Aliero, da kwalejin Waziri Umaru, su gama bautar ƙasa, alawus ɗin naira 77,000 ya yanke rana ɗaya kamar an ɗauke wuta. Su nake wa wannan rubutu. Abin da na gani shi ne, ƙarfin gwiwa yakan zo yau ya gudu gobe, kuma wanda ya ce sai ya ji ƙarfi a ransa zai motsa, ya shirya dogon zama. Tsari ne ke ɗaukar mutum a ranakun da zuciya ta ƙi. Ga yadda na gina nawa.

Mataki na farko: yi lissafi, sannan ka faɗi gaskiya a gida

Kafin ka buɗe wani fotal, wato shafin intanet da ake cike neman aiki, ɗauko takarda da biro. Rubuta duk abin da ka mallaka na kuɗi, na asusu da na aljihu da bashin da kake da tabbacin za a biya ka. A ƙasa ka rubuta abin da ba makawa sai an kashe duk wata: abinci, haya, kuɗin makaranta, magani, wuta. Lissafa sau nawa na ƙasa zai shiga cikin na sama. Abin da ya fito shi ne adadin watannin da za ka iya ɗauka ba tare da ka miƙa hannu ba. Ko da wata biyu ne, sanin su ya fi zaman zullumi, don tsoron da ba a auna ba ya fi kowane girma.

Daga nan ka ware kuɗin nema daban: data, fotokwafi, hoton fasfo, kuɗin mota in an kira ka intabiyu Sakkwato ko Abuja. Kada a taɓa su don cefane. Na san wanda aka kira intabiyu bai je ba saboda babu kuɗin mota, kuma kunya ta hana shi tambaya cikin kwana biyun da aka ba shi.

Sai magana da mutanen gida. A dare na tara na zaunar da maiɗakina, na yi ta kewaye-kewaye. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Maigida, ai tun ran farko na sani. Mai zuwa ofis ba ya dawowa da warin hayaƙin mai shayi a riga." Muka yi dariya, ta ɗauko nata lissafin na adashi ta ɗora a kan nawa, wata biyu suka ƙaru. Ɓoyewa aiki ne mai cin ƙarfi, kuma ƙarfin nan kana bukatarsa a wani wuri. In ba ka da iyali, faɗa wa mahaifi ko mahaifiya ko yayanka halin da ake ciki da abin da ka shirya yi. Iyaye sun fi samun natsuwa in suka ji tsari.

Mataki na biyu: ba yininka ƙashi

Mun yi sa'a, salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida, sai dai mu cika. Dokar farko, wadda ta fi kowace wuya: kada ka koma barci bayan asuba. Wannan barcin shi ne ƙofar da lalaci ke shigowa, ka farka ƙarfe 11 jiki ya yi nauyi, rana ta yi zafi, ka ce sai gobe. Ka taka da ƙafa minti 30, ko zagayen unguwa ko wajen filin wasa na Haliru Abdu in kana kusa. Ka yi wanka ka sa tufafin fita, ko da a zaure za ka zauna.

Daga ƙarfe 8 zuwa 10 ko 11 lokacin nema ne, kuma a nan garin dole ka yi shi da safe, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, lokacin da bayan azahar ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar komai. A awannin nan za ka duba sanarwar guraben aiki, ka gyara takarda, ka aika, ka kira wanda ya kamata. In lokaci ya cika, rufe. Wannan rufewar ma tana cikin aikin. Mai duba imel ƙarfe 2 na dare, ya sake dubawa ƙarfe 3, bai ƙara wa kansa damar samun aiki ba ko kaɗan, barcinsa kawai ya sayar.

Bayan azahar hutu ko karatu. Bayan la'asar fita wurin mutane, ko ƙaramin aikin da za mu zo kansa. Juma'a ka bar ta gaba ɗaya: masallaci, zumunci, aski. Ni na saba ranar Asabar da hantsi in zauna in duba abin da na yi a mako.

Mataki na uku: haɗa takardunka sau ɗaya, ka huta

Babu abin da ke karya gwiwa kamar a buɗe fotal, saura kwana biyu a rufe, kai kuma kana gudu tsakanin sakatariyar ƙaramar hukuma da kafe, intanet na yankewa. Ka ba wannan aiki mako guda cur tun yanzu da babu mai korarka.

Tara sakamakon sakandare, shaidar digiri ko difloma ko NCE, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ko rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar ƙaramar hukumarka. Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta, domin ayyukan gwamnatin tarayya ana raba su ne bisa kason jihohi, kuma da ita za ka tabbatar kai ɗan Kebbi ne. In malami ne kai, ka nemi rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. In ma'aikaciyar jinya ce ke, ki duba ko lasisinki bai ƙare ba.

Yanzu ka shimfiɗa su duka a tabarma ka duba abu biyu da idon basira: suna da ranar haihuwa. A wata takarda kai Muhammad ne, a wata Mohammed, a NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma an sa sunan kaka a gaba. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, tana iya watsar da kai kafin wani ɗan Adam ya ga takardarka. Gyaran irin wannan a hukumar NIMC mai ba da NIN ko ta hanyar rantsuwa a kotu yana cin lokaci, shi ya sa ake fara shi da wuri. Amma gyaran kuskure daban, rage shekaru daban. Wasu guraben suna da iyakar shekaru, kuma za a samu mai ba ka shawarar ka zaftare uku ko huɗu. Kada ka yi. Takardunka za su riƙa ƙaryata juna har ranar ritaya.

Ka je kafe a ɗauki hoton kowace takarda da na'ura, a yi maka manya da ƙanana, don yawancin fotal ba sa karɓar fayil mai nauyi. Ka ajiye su a waya, ka kuma aika wa kanka ta imel saboda ranar da waya za ta faɗa ruwa ko a sace ta. Imel ɗin ya kasance da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba.

Sibi kuwa, wato takardar tarihin karatunka da ayyukanka, shafi biyu ya isa. Kada ka tsaya ga sunan muƙami kaɗai, faɗi abin da hannunka ya yi: ƙauyuka nawa ka zaga, ɗalibai nawa ka koyar, wane lissafi ka riƙe, da wace manhaja. Ka yi guda ɗaya babba mai ɗauke da komai, duk sanda gurbi ya fito sai ka kwafa ka datse abin da bai shafe shi ba. Ka ba wani wanda ya fi ka Turanci ya karanta. Takarda biyar da aka yi wa ɗinki daidai jikin aikin sun fi hamsin da aka watsa kamar iri a iska.

Mataki na huɗu: littafin nema

Wannan shi ne abin da ya fi komai riƙe ni, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Sayi littafin rubutu mai kauri irin na 'yan makaranta. Ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, inda ka nema, ta wace hanya, wa ka sani a can, sai abin da ya biyo baya.

Amfaninsa na farko a bayyane yake. Wata uku bayan ka aika takarda za a iya kiranka, kuma abin kunya ne a ce "daga wuri kaza ne" kai kana lalube a kai. Amfani na biyu shi ne ya fi. Mai neman aiki yakan auna kansa da abin da ba ya hannunsa, wato an kira ko ba a kira ba, kuma da wannan ma'auni kusan kullum faɗuwa yake. Littafin yana juya ma'aunin zuwa abin da ke hannunka. Ka yanka wa kanka kaso na mako, misali takarda uku masu kyau, mutum biyu da za ka gani ido da ido, awa huɗu na koyon wani abu. Ranar Asabar in ka cika, makon nan ka ci shi, ko waya ta yi ƙara ko ta yi shiru. Manomin rani a fadama bai san farashin da shinkafa za ta yi ba ranar da yake ban ruwa, ya dai san yau kwami nawa ya shayar.

Ka sa wa kanka doka kan jira. Bayan mako uku ka tuntuɓa sau ɗaya, cikin ladabi. Bayan mako shida in shiru, ja jan layi a kai ka cire shi daga ranka. In daga baya suka kira, riba ce. Na ɓata wata biyu cur ina jiran wani wuri guda saboda wani ya ce mini "ai naka ya gama", ban nemi ko'ina ba a tsakanin. Ba su taɓa kira ba.

Duk ƙarshen wata ka karanta littafin kamar na wani. In ka aika 15 ba kira ko ɗaya, matsalar tana ga takardar ko irin guraben da kake nema. In ana kiranka intabiyu amma a nan ake tsayawa, to bakinka ne ke bukatar horo: ka sa aboki ya zauna gabanka ya yi maka tambayoyi, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji haushin kanka, amma za ka gyaru.

Mataki na biyar: shiga mutane, amma da magana a baki

Kowa ya san a ƙasar nan guraben da ba a taɓa sanarwa ba suna da yawa. Wasu kan ji haka su ce to ai sai mai uwa a gindin murhu, su naɗe hannu. Akwai gaskiya a ƙorafin, ban musa ba. Sai dai ba duk sanayya ce son kai ba. Sau da yawa mai makaranta ko mai kamfani yana neman amintacce ne kawai, sai ya tambayi wanda ya yarda da shi. Aikinka shi ne sunanka ya zo bakin wannan mutumin a wannan lokacin.

Kuskurena na farko shi ne yadda nake roƙo. Na je gaishe da kawuna, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya daga sakatariyar Gwadangaji, bayan la'asar yana kan buzu a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, a taimaka mini da aiki, kowane iri ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wanga ba magana ba ce, ɗana. In nit tahi wurin mutum, mi za ni ce mai ka iya?"

Na yi shiru. Ya ce in je in dawo ranar da na san amsa. Bayan kwana uku na koma na ce masa na shekara shida ina tattara bayanai a ƙauyuka da riƙe lissafin kaya, na iya kwamfuta, kuma zan iya zama ko'ina a jihar. Ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ka ba ni abin ɗauka.

Ka shirya irin wannan jimla, gajera wadda tsoho zai iya riƙewa ya maimaita. Sannan ka rubuta sunayen mutum 20: tsoffin abokan aiki, malamanka, 'yan ajinku, abokan bautar ƙasa, limamin unguwa, surukai. Biyu a mako. Tsoffin abokan aiki su ne kan gaba, don sun ga aikinka da idonsu. Kada ka tambaye su aiki kai tsaye, ka tambaye su labari: wa ke ɗauka, wane shiri ne zai fara, wa ya kamata in gani. Mutum yakan ji nauyin a ce ya ba da aiki, amma yana jin daɗin a nemi saninsa.

Kada ka ƙaurace wa ɗaurin aure da suna da ta'aziyya saboda kunyar tambaya. Na yi haka na wata biyu, kuma ba abin da ya ƙara mini sai ƙunci. Ka tanadi amsa guda, ka faɗe ta da fara'a: "Ana kan nema, a sa mu a addu'a. In kun ji inda ake son mai kaza, ku tuna da ni." Shi ke nan, ka mayar da mai tambaya ɗan aikenka. Sai dai banda naci. Wanda ka gani yau, ka ba shi wata guda kafin ka sake tuna masa, kuma wata ran ka gaishe shi gaisuwa zalla ba tare da ka ta da maganar ba.

'Yan'uwa mata da fita ba ta yi muku sauƙi, wannan matakin yana yiwuwa ta waya da zaurukan WhatsApp na 'yan aji da na ƙungiyoyin sana'a. In wani ya ce a same shi a wani wuri da ba ofis ba, ko bayan an tashi aiki, don "a tattauna", ki tafi da ɗan'uwa ko ki bar shi. Ba ki yi asarar komai ba.

Ka kuma faɗaɗa ido. Ƙananan hukumomi 21 ne a Kebbi, amma kowa Birnin Kebbi yake so. Gurbin da ke Kamba ko Bagudo ko Yauri ko Zuru bai cika samun cunkoso irin na babban birni ba. Ka dai bincika lafiyar hanya da ta garin wurin mutanen can kafin ka amsa.

Mataki na shida: riƙe wani abu a hannu

A wata na biyar na fara riƙe wa wani dillalin shinkafa lissafi. Ina tsaye bakin sikeli da littafi, ana sauke buhunan shanshera, ƙaiƙayi na shiga wuya, ina rubuta nauyi da sunan mai kaya. Ran farko wani da muka yi aiki tare ya wuce a mota, na juya baya kamar ina neman wani abu a ƙasa. Da dare na tambayi kaina, wai me na sata? Washegari da ya sake wucewa ni na ɗaga masa hannu.

Abin da nake samu bai kai rabin tsohon albashina ba. Amma na daina taɓa ajiya, ina shiga gida da leda a hannu, ina kuma yin barci irin na wanda ya gaji da aiki. Da babu gara ba daɗi. Akwai ma abin da ban zata ba: a intabiyu in aka tambaye ni me nake yi tun barin aiki, ina da amsa.

Jiharmu ba ta rasa irin waɗannan ƙofofi ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, harkar shinkafa ta buɗe, ga injinan casa irin su Labana a nan gari da WACOT a Argungu, kuma kewaye da su akwai awo da dillanci da sufuri da riƙon sito. Ga albasar Aliero, ga kifin Yauri, ga hada-hadar Jega. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 manoman rani da dama suna komawa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma wanda ya iya haɗa shi da gyara shi ba ya zama banza. Ga koyarwa a makarantu masu zaman kansu, ga darasin yamma ga 'yan jarrabawa, ga POS.

Sharaɗi ɗaya ne: kada ƙaramin aikin ya cinye awannin nema na safe. In ba makawa, ka mayar da su wani lokaci, amma kada su ɓace.

A gefe ka koyi abu guda, guda tak, wanda kake yawan gani a sanarwar guraben da kake so. Ni manhajar lissafi ta Excel ce, na zauna mata har na daina jin tsoronta. Ka leƙa ofishin jiha na NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ka ji ko akwai horon sana'a, ka kuma sa ido kan shirye-shiryen gwamnati irin 3MTT da aka fara a 2023 don koyar da fasahar zamani. Tara takardun kwas goma da ba ka iya komai a cikinsu ba wahalar da kai ne.

Ranar da aka ce a'a

Za ta zo, kuma ba sau ɗaya ba. Tawa mafi ciwo ita ce ta wata na tara. Na kai matakin ƙarshe, mu uku muka rage, na yi sammako na bi ta Argungu zuwa Sakkwato, na amsa tambayoyi har shugaban kwamitin ya yi murmushi. A hanyar dawowa har na fara lissafin bashin da zan fara biya. Bayan kwana goma saƙo ya shigo, layi biyu, suna godiya.

Ga abin da na koya. Ka ba kanka yini ɗaya. Ka ji haushi, ka kwanta, ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi. Kada ka yanke wata shawara a ranar, kada ka rubuta komai a Facebook. Washegari ka buɗe littafi ka rubuta duk tambayoyin da aka yi maka tun ba ka manta ba, da inda ka yi tuntuɓe. Ka aika musu godiya a taƙaice, ka ce in wani gurbi ya fito suna iya tunawa da kai. Sannan kafin azahar ka aika wata takardar wani wuri, ko da ba ka jin yi. Tazarar da ke tsakanin a'a da takarda ta gaba ita ce ramin da mutane ke faɗawa, kada ka bari ta wuce kwana biyu.

Rabo gaskiya ne, kuma ni ya sanyaya mini zuciya ƙwarai: abin da ba nawa ba ne, ko na kwana a ƙofarsa ba zan samu ba. Amma ka lura da lokacin da kake ambatonsa. Bayan ka yi iyakar yinka, magani ne. Kafin ka motsa, uzuri ne. An ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ka kuma zaɓi majalisarka. Akwai wadda in ka zauna awa ɗaya za ka tashi da yaƙinin cewa ƙasa ta mutu, karatu banza ne, kowa ɓarawo ne. Wataƙila rabin abin da suke faɗa gaskiya ne, amma gobe su ba su da takardar aikawa, kai kana da ita. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu nema irinka, ku riƙa haɗuwa mako-mako kuna nuna wa juna littafi, kuna tura wa juna sanarwa. Hotunan 'yan ajinku a ofis da sabuwar mota kuwa, in suna ƙona maka rai, ka rufe su na ɗan lokaci. Ba hassada ba ce, kiwon lafiya ne.

Masu sayar da aiki

Daidai lokacin da ka fi rauni suke ɓullowa. Wani zai ce akwai gurbin wanda ya yi ritaya a wata ma'aikata a Abuja, a kawo kaza a fito maka da takardar ɗaukar aiki. Mutane sun sayar da gona da shanu, sun karɓi takarda mai tambari, sun je kama aiki aka ce ba a san da ita ba. Akwai kuma shafukan bogi da ke yawo a WhatsApp da sunan Kwastan ko Immigration. Ka duba adireshin: shafukan hukumomin gwamnati galibi da .gov.ng suke ƙarewa, kuma hukumomin tsaro kan nanata a sanarwarsu cewa neman kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ta asusun wani mutum, ko ya tambayi lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka, ka kashe wayar. Asarar irin wannan ba kuɗi kaɗai take ci ba, tana tafiya da ɗan ƙarfin da ya rage.

In abin ya wuce gajiya

Akwai bambanci tsakanin ranar da ba ka jin daɗi da halin da ya zauna. In ka kai mako biyu ko fiye ba barci ko barci ya yi yawa, abinci ba ya shiga, ba ka son ganin kowa, abin da ke faranta maka a da ya daina, to wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba. Ka ga likita a asibitin da ke kusa, in da bukata za a tura ka gaba, akwai asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. In har tunanin rabuwa da duniya ya fara zo maka, yau ɗin nan ka faɗa wa wani, kada ka kwana da shi. Ka kuma yi nesa da abu biyu da ke farautar marasa aiki: ƙwaya, da cacar ƙwallo ta waya.

In kira ya zo

Nawa ya zo ne daga layi na 41 a littafin, wurin da na riga na ja wa jan layi. Wata da muka taɓa aiki tare ce ta ambaci sunana, wata shida bayan na kira ta na tambaye ta labari. Kada murna ta sa ka saki abin hannunka da wuri. Ka ga takarda a rubuce, ka karanta albashi da tsawon kwantiragi da inda za a tura ka, ka tabbatar da ita a ofishin da kansa. Ka sani kuma albashin farko yakan yi jinkiri, musamman a aikin gwamnati, don haka ka ci gaba da lallaɓa ajiyarka. Dillalin shinkafar nan na ba shi sanarwar mako biyu, na koya wa wani ƙanena lissafin, ya gaje ni a bakin sikeli.

Sannan ka bi sunayen nan 20 ɗaya bayan ɗaya ka sanar da su, har waɗanda ba su yi komai ba. Kawu na kai wa goro da turare bayan la'asar. Ya karɓa, ya sa albarka, ya tura yaro ya kira wani jikansa da ya gama bautar ƙasa wata uku da suka wuce. Ya nuna shi da baki ya ce mini, "To ga wanga. Ka nuna mai littahin nan naka."